Ranar da Birkin Hagu Ya Jefa Ni Cikin Taɓo

Ko tsufa zai kwashe min duk abin da ke kaina, akwai wata Lahadi guda da na tabbata ba zai iya ɗauka ba. A wani tsibiri ne mai kurmi da ke tsallaken ruwan Libreville, ranar da na yi alkafura daga kan keke ina matar aure, a gaban mijina, na faɗa taɓo har cikin kunne. Jikokina in na ba su labarin dariyar faɗuwar kawai suke yi. Ni kuwa har yau in na tuna, dariya da ƙwalla tare suke zo min.

Ni 'yar Gumel ce. An kawo ni Gabon ina amarya a shekarun da kuɗin man fetur ke ambaliya a ƙasar, lokacin da in ka kafa tebur a bakin titi ka zuba kaya da safe, kafin magariba sai dai ka kaɗe teburin. Mijina yana da kantin kayan masarufi a unguwar Akébé, butik kamar yadda ake cewa a can, mu kuma muna zaune a Awendjé. Ba wanda ya tura ni. Da ƙafata na hau jirgin, ina ta hura wa ƙawayena hanci cewa ni ƙasar masu kuɗi za ni.

Ba a jima ba murna ta koma ciki. Ruwan sama ba ya gajiya a garin nan. Ka wanke kaya ka shanya, su yi hunhuna kafin su bushe. Gishiri ma narkewa yake a cikin kwano. Gidanmu na katako ne, ba katanga, ba tsakar gida, in na leƙo waje maƙwabta su yi min murmushi su zubo min Faransanci, ni ma in yi murmushi in koma ɗaki. Haka nake wuni, daga tabarma zuwa taga, kamar kazar da aka kife da kwando. Shi kuma Maigida duk abin da ya ga ana yayi sai ya sayo, firiji ne, bidiyo ne, atamfa ce turmi-turmi. Amma magana, Allah bai ba shi ba. Mutumin kirki ne ƙwarai, sai dai in kun zauna da shi daga isha zuwa barci, abin da za ki samu bai wuce “sannu da gida” da “abincin ya yi daɗi” ba. Ni kuma Allah ya yi ni da surutu, sai ya zamana ba ni da wanda zan zuba wa.

Mutum ɗaya ce ke cire min kewa, wata Hajiya 'yar Garwa ta ƙasar Kamaru, matar aminin mijina. Ta girme ni nesa ba kusa ba, ta daɗe a garin, ba ta da tsoron kowa. Mijinta yana da shagon kekuna a Batterie IV, unguwar masu hali. Ita na taɓa ba labari, muna tsinkar zogalen da aka aiko mata daga gida, cewa mahaifina mai gyaran keke ne. Da yake bai samu ɗa namiji da wuri ba, ni ce nake gwada masa duk keken da ya gyara a lungun bayan gidanmu, tun ƙafata ba ta kai feda sai na zura ta ƙarƙashin sanda. Sai da na fara zama budurwa Inna ta ce ya isa haka. Na gaya wa Hajiya ban taɓa jin daɗin wani abu a duniya kamar iskar da ke dukan fuskata a lungun nan ba. Ta yi dariya, muka ci gaba da tsinkar ganye, ni har na manta na faɗa.

Da abin ya ishe ni, na gaya wa Maigida ina son zuwa gida. Akwai wata 'yar garinmu mai fataucin atamfa da za ta koma, na ce zan bi ta. Da baki na ce ganin gida za ni, amma har kwanukan jerena na naɗe cikin tsumma na zuba a buhu, kuma ya gani. Mu biyun mun san in na tafi ba dawowa zan yi ba. Ina jiran ya yi faɗa, ko ya roƙe ni, ko ya ce ba inda za ki. Bai ce komai ba. Ya fita, ya dawo da tikitin jirgi ya ajiye min a kan firiji, ya ce tafiyar wata Alhamis ce can gaba. Wallahi wannan shirun ya fi komai ƙona min rai. Na ce a raina, ashe dama nauyi nake a gare shi.

Lahadin ƙarshe kafin Alhamis ɗin, bayan sallar asuba, sai ya ce in shirya, in sa wando a ƙarƙashin doguwar riga, za mu ga ruwa kafin in tafi. Na kusa cewa ai ruwan ne ya kore ni, amma na haɗiye. Muka hau taksi zuwa bakin gaɓa, muka tarar da Hajiya da mijinta suna sa ana loda kekuna cikin wani dogon kwalekwale mai inji. Ashe sana'ar mijin ke nan duk Lahadi. Ma'aikatan kamfanonin mai, 'yan ƙasa da Turawa, sun samo wani sabon yayi na hawa keke a cikin kurmi, shi kuma yana ba su haya, yana tsallakar da su tsibirin ya dawo da su da yamma. Ga su nan da gajerun wanduna da hulunan kwano, ga Maigidana a tsakiyarsu da kaftani da hula zanna, kamar wanda ya ɓata hanyar ɗaurin aure.

Na ƙare wa kekunan kallo, na taɓe baki. Vetete suke ce musu. Tayoyi ƙato-ƙato masu ƙuraje, ba kariya, ba madagadi, ko ƙararrawa babu. Na ce wa Hajiya in aka kai wa Baba irin wannan zai ce ba a gama haɗa shi ba. Ta ce in bari dai mu je. Da injin ya tashi, bakina ya mutu. Ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba, ga shi kwalekwale yana tashi yana faɗuwa, gari yana ta ja da baya. Duk addu'ar da na iya sai da na karanta, har da ta shiga kasuwa. Sai da muka sauka na lura ashe tun daga gaɓa hannuna na damƙe da gefen kaftanin Maigida, duk na yamutsa shi, shi kuwa ko motsi bai yi ba.

Tsibirin farin yashi ne a baki, daga nan sai kurmi ya tashi tsaye, itatuwa dogaye waɗanda sai ka ɗaga kai hula ta faɗi kafin ka ga ƙarshensu. Hanyoyin da ke ciki 'yan sirara ne, na mutanen wurin da ke zuwa gonakin rogo, su ne masu keke suka mayar nasu. Mijin Hajiya ya ɗaura jan ƙyalle a kowace mararraba don kada baƙo ya ɓace. Masu hulunan kwano suka hau suka shige, muka daina jin su. Ni na shimfiɗa tabarma, ina tsammanin aikina gadin kulolin abinci ne. Sai ga Hajiya ta gunguro wani koren keke ta tsayar a gabana.

“Tashi, 'yar mai gyaran keke,” in ji ta. “Yau za mu ga ko baki ne kawai.”

Na dubi Maigida. Shi takalminsa yake kallo kamar yau ya fara ganinsa. Can ya ce, “Ki hau. Ba kowa a nan sai birai.”

Kafin in yi wani tunani hannuna ya riga ni, ya kama kan keken. Na tattare riga na ɗaure a ƙugu, na ƙulle gyale a bayan wuya. Mijin Hajiya ya matso zai yi min bayanin giya da birki, ni kuwa girman kai ya motsa. Na ce masa Alhaji ya huta, a cikin tayoyi aka haife ni. Ya ɗaga hannu ya ja da baya yana murmushi. Da na bari ya ƙarasa maganarsa, da yau ba ni da labarin da zan ba ku.

Na ɗora ƙafa a feda na tura. Keken ya yi tangaɗi sau ɗaya, ya ƙara, sai jikina ya tuna abin da ya sani. Ban san lokacin da na shiga kurmin ba. Ciki da sanyi, da duhu-duhu, da ƙanshin ganyen da ya jiƙa ya ruɓe. Rana tana zubowa ɗigo-ɗigo ta tsakanin rassa. Saiwoyi sun ratsa hanya, amma waɗannan tayoyin da na raina sai su haye su kamar ba komai. Na taɓa wani ɗan ƙarfe a kusa da babban yatsana, sarƙa ta yi ƙara ta koma wani haƙori, sai ga tudu ya zama wasa. A nan na nemi gafarar keken a zuciyata. Garken aku suka tashi a samana suna ta surutu, wani biri ya leƙo ya kalle ni ya koma harkarsa. Iska ta cika min riga. Ni da na yi wata da watanni muryata ba ta wuce ƙofar ɗaki ba, sai na ji ina rangaɗa guɗa ni kaɗai a tsakiyar daji.

Da na waiga, Hajiya ba ta biyo mu ba, ta tsaya wajen abinci. Maigida ne kaɗai a bayana, can nesa. Kai, in kun ga hawan nan da kun tausaya wa keken. Ya ƙanƙame kan da hannu biyu, ya sanƙarar da wuya, kaftani ya naɗe a cinya, gumi na zuba. Duk saiwar da ya gani sai ya sauke ƙafa, ya yi bisimilla, ya tsallakar da keken da hannu. In na yi nisa in tsaya in jira shi, in ya iso in tambaye shi ko a kira masa taksi. Shi dai sai haki. Na ɗauka ƙiba ce da daɗewa bai hau ba, don a tunanina ba namijin da ya girma a ƙasarmu bai iya keke ba.

Haka muka yi ta bin jan ƙyalle har muka hau wani dogon tudu. Daga can hanya ta sulala ƙasa, gangara mai santsi, a ƙarshenta wani ɗan rafi da ya mayar da wurin taɓo. A Gumel ba mu da irin wannan, ƙasarmu a shimfiɗe take. Ban tsaya wani tunani ba, na saki keken. Da farko daɗi kamar in tashi sama. Da na ga gudun ya fi ƙarfina, ga rafi yana matsowa, sai na yi abin da Baba ya koya min tun ina ƙarama, wato a gangara birkin baya ake kamawa. A kekunanmu na gida kuwa birkin baya a hannun hagu yake. Abin da ban sani ba, kuma shi ne mijin Hajiya ya so gaya min, kekunan Faransa a juye suke, hagu na tayar gaba ne. Ina jin Maigida daga saman tudu yana ta kwarara ihu, “Na dama! Kama na dama!” Ina, na riga na matse hagun da iyakar ƙarfina.

Tayar gaba ta tsaya cak, ni kuwa ban tsaya ba. Na ga itatuwa a ƙasa, na ga ƙafafuna a sama, sai ji na yi tim a cikin taɓo. Allah ya taimake ni wurin da laushi, ba abin da ya same ni sai ɗan ƙujewa a gwiwar hannu. Ina kwance ina ƙoƙarin gane ina ne gabas, sai na ji an kira sunana. Sunana na yanka, wanda tun da aka kawo ni ban taɓa ji a bakin mutumin nan ba, don shi irin mutanen da ne masu kunyar sunan matar fari. Ya yar da kekensa ya gangaro da gudu, santsi ya kwashe shi, ya ƙaraso wurina a zaune, hula ta yi nata wuri. Ya kama fuskata yana share taɓon da hannun rigarsa, yana tambaya ko na karye. Ban taɓa ganin tsoro irin wannan a idon babban mutum ba.

Na dube shi, taɓo har gemu. Na dubi kaina. Sai dariya ta ƙwace min, irin wadda ke hana numfashi. Ya tsaya yana kallona kamar na taɓu, daga baya shi ma ya fashe. Ashe mutumin nan yana da dariya, har da wushirya, ni ban sani ba. Muka zauna a bakin rafin muna wanke hannu da fuska, dariyar ta lafa ta sake tashi.

Da muka natsu na tambaye shi yadda aka yi ya san birkin a juye yake. Ya ce shi bai san a juye yake ba, haka aka koya masa. Na ce wa ya koya masa, kuma yaushe. Ya shiga wanke hular da ta riga ta wanku. Sai da na matsa sannan ya faɗa. Shi a ƙauyensu bayan jakai ya tashi, daga nan sai fatauci, bai taɓa ɗora ƙafa a kan feda ba a rayuwarsa. Hajiya ce ta gaya wa mijinta labarin lungun Gumel, mijin ya gaya masa. Tun ranar da ya sayo tikitin, kullum in ya fito daga masallaci da asuba, sai su haɗu da amininsa a layin bayan kanti, aminin ya riƙe masa sirdi yana turawa, 'yan unguwar Akébé masu zuwa ɗibar ruwa suna tsayawa suna tafa masa in ya faɗi. Ya ɗaga ƙafar wandonsa, sai ga gwiwoyi duk ɓawon ciwo, wani ya warke wani ɗanye.

Na ce, “Maigida, da girmanka? Duk don me?”

“An ce min kina so,” in ji shi. “Na ce in za ki tafi, ki tafi da abu ɗaya mai daɗi na ƙasar nan. Kuma ba zan bar ki ki shiga kurmi ke kaɗai ba.”

Na ce to me ya hana shi ya ce kada in tafi.

Ya dubi ruwan ya ce, “Ina ganin yadda kike ramewa. Da wane bakin zan ce ki zauna?”

Na kawar da kai don kada ya ga ƙwallata. Na tashi na ɗaga koren keken, na saka tayar gaba tsakanin gwiwoyina na miƙar da kan da ya karkace, kamar yadda Baba ke yi. Muka ƙarasa zagayen a hankali. Wannan karon ban wuce shi ba. A gefensa nake in hanya ta yi faɗi, in ta matse in koma bayansa ina gaya masa ya daina kallon taya, ya kalli inda za shi. Shi kuma duk gangarar da muka zo sai ya ce min, “Dama dai.” Ya faɗi ƙasa sau biyu ko uku kafin mu fita, kowane karo ya tashi ya kaɗe jiki ya sake hawa.

Da muka ɓullo bakin yashi, Hajiya ta gan mu ta zube a tabarma tana riƙe ciki. Ta ce ita mutum biyu ta tura daji, ga shi an dawo mata da tukwane biyu ɗanyu. Muka wanke abin da zai wanku da ruwan teku, muka yi alwala da na jarka, muka yi azahar a inuwa. Muka ci dafa-duka da gasasshen kifin da masuntan wurin suka sayar mana. Rabon da in ci abinci haka tun ina gidanmu, har sai da na kankare ƙasan kular.

Da la'asar masu hulunan kwano suka dawo, aka fara mayar da kekuna cikin kwalekwale. Mijin Hajiya ya zo karɓar koren, yana tsokanata ko yanzu zan saurari bayanin birki. Ya ce in ina so zai iya juya wayoyin su koma irin na gida, aikin ɗan lokaci ne. Maigida yana nan kusa, yana taya su ɗaure kaya. Na ɗaga murya yadda zai ji.

“A'a Alhaji, bar shi yadda yake, zan saba. Ka dai ajiye min shi Lahadi mai zuwa, kada ka ba kowa.”

Duk mu huɗun mun san jirgina ranar Alhamis zai tashi. Hajiya ta dube ni, ta dubi mijinta, ta juya baya tana gyara ɗaurin kallabi. Maigida bai ɗago ba. Ya sunkuya a kan igiyar da ya riga ya ƙulle, ya kwance ta, ya sake ƙullewa, ya sake kwancewa. Da ya miƙe idonsa ya yi ja, ya ce iskar teku ce. Abin da ya iya cewa kawai shi ne, “To a ajiye biyu.”

Ranar Alhamis 'yar garinmu ta tafi ita kaɗai, na ba ta saƙon sabulu da turare ta kai wa Inna. Na kwance kwanukana na mayar da su inda suke. Ruwan sama bai daina ba, Maigida ma bai zama mai surutu ba, kuma har Allah ya karɓi abinsa bai iya keke yadda ya kamata ba. Amma a garin nan na haifi 'ya'yana duka, na koyi Faransancin kasuwa, na kuma san kowace saiwa ta hanyoyin tsibirin nan.

Abin da ranar ta koya min shi ne, ba kowa Allah ya ba bakin faɗar abin da ke ransa ba. Na yi watanni ina jiran kalma ɗaya, na kusa barin mutumin da ke fita kullum da asuba yana faɗuwa a gaban jama'a saboda ni. Tun daga lokacin, in mutum ya yi shiru ba na saurin cewa bai damu da ni ba. Nakan tsaya tukuna in duba abin da yake yi.